WASAN KWAMFUTA DA AKE IYA BUƊE CIKINSA

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Ranar da Sakataren ƙungiya ya kira ni ya ce ni zan yi jawabi bana, na tambaye shi a kan me. Sai ya ce, "A kan shiriritar nan da kake raba dare kana yi." Ban ji haushi ba, domin ɗakin kwananmu ɗaya da shi, gabza ɗaya muka ci, kuma ya san ni tun ina kwance rediyon mutane in kasa mayarwa. Gaskiya ne, da rana ina aikin ofis kamar kowa, amma da dare ina cikin masu sa hannu wajen ƙera wasannin kwamfuta, irin waɗanda ba a sayar da su a rufe, kowa na iya buɗe cikinsu ya gani, ya gyara. A kan wannan zan yi magana, kuma daga ƙarshe ina da roƙo ga ƙungiya game da kwamfutocin da muka yi alkawarin saya wa makaranta. Saboda haka kada Ma'aji ya fita.

Bari in fara da malaminmu na lissafi, wanda nake hangowa a sahun gaba. Duk wanda ya zauna a ajinsa ya san ba ya karɓar amsa tsirara. Ko amsarka daidai ce, in ba ka nuna hanyar da ka bi ba, zai zabga maka jan biro ya wuce. A lokacin muna ganin mugunta ce. To, ita ma manhajar kwamfuta haka take, tana da amsa, tana da hanya. Mutum ne yake zama ya rubuta umarni layi-layi, cikin wani yare da ɗan Adam zai iya karantawa, sannan a juya rubutun ya koma lambobin da na'ura kaɗai ke ganewa. Wannan rubutu na farko shi nake kira rubutun tushe. Idan ka sayi wasa daga kamfani, lambobin ake ba ka, wato amsa. Rubutun tushen yana kulle a wurinsu. Za ka yi wasan, za ka ji daɗi, amma ba za ka san yadda aka yi dokin cikinsa yake gudu ba, kuma in ya lalace ba ka da ikon gyarawa.

A shekarar 1983 wani masanin kwamfuta a Amurka, Richard Stallman, ya ce shi bai yarda da wannan tsari ba. Ya ƙaddamar da aikin da ya kira GNU, ya kafa gidauniya a 1985, sannan a 1989 ya fito da lasisin da ake kira GPL. Abin da yake nema shi ne duk wanda ya karɓi manhaja ya sami ikon amfani da ita yadda ya so, da ikon karanta rubutun tushenta ya sauya, da ikon ba wa wani kwafi, da kuma ikon raba wadda ya gyara. Dabarar lasisin ita ce sharaɗin da aka ɗaura masa: in ka gyara ka raba wa jama'a, dole ka haɗa da rubutun tushen a kan sharaɗin da kai ma ka samu. Ba za ka ɗebi ruwa a rijiyar gari ba sannan ka kewaye ta da katanga. A 1998 wasu suka fito da wani suna, wato buɗaɗɗen tushe, domin 'yan kasuwa su daina tsoro. Har yau ɓangarorin biyu suna muhawara a kan suna, amma a wurin aiki galibi tare suke.

A nan Hausa ta fi Turanci sauƙi. Su kalma ɗaya suke da ita ga abin da aka ba ka kyauta da abin da yake da 'yanci, shi ya sa kullum suke cikin bayani. Mu muna da kalmomi biyu. Maganar 'yanci ake yi, ba ta kyauta ba. Lasisin bai hana ka sayar da wasan ba, rufe shi ne ya hana.

Yanzu ga misalin da na fi so, domin ɗalibai ne suka fara shi. A ƙarshen 1995 wasu ɗalibai 3 a Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak, Peter Unold da Claus Leth Gregersen da Allan Ove Kjeldbjerg, suna son wani wasa mai suna Civilization wanda ya fito a 1991. A cikinsa mutum yana kafa gari, ya yi noma, ya gina hanyoyi, ya nemi ilimi, ya ƙulla zumunci ko ya yi yaƙi da maƙwabta, daga zamanin dutse har zuwa zamanin jirgin sama. Su kuma so suke su yi wasan da junansu, kowa a kan kwamfutarsa. Sai suka zauna suka rubuta nasu tun daga tushe, suka sa masa suna Freeciv, suka fitar da shi a Janairun 1996 a ƙarƙashin GPL.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin labarin. Samarin nan ba su daɗe ba suka bar aikin, kowa ya kama gabansa, kamar yadda mu ma muka watse bayan jarrabawar ƙarshe. Da a ce wasan a rufe yake, da nan ya mutu. Amma da yake rubutun tushen yana hannun jama'a, sai waɗansu da ba su taɓa ganin samarin ba suka ɗauka. Wannan ya koya wa kwamfuta yadda za ta yi wasa da mutum, wancan ya zana taswira, wani ya fassara shi zuwa harshensu. Su ma da suka gaji, wasu suka karɓa. An fitar da babban sabon zubi na 3 a 2022, shekara 26 bayan na farko. Akwai ma masu yin sa ta intanet a hankali, kowa ya yi motsi sau ɗaya a rana, wasa ɗaya ya ɗauki watanni. Waɗannan da suka ga suna son abubuwan da suka bambanta da na masu kula da asalin, sai suka ɗauki kwafi suka buɗe nasu reshe mai suna Freeciv21. Ba wanda ya kai wani kotu. Lasisin ya ba su dama.

Wani abin da zai ba malamanmu na tarihi sha'awa shi ne, dokokin wasan da bayanin al'ummomin cikinsa suna rubuce ne a fili cikin ƙananan fayiloli. Kowace al'umma tana da nata: sunayen garuruwa, sunayen sarakuna, da tuta. Akwai ɗaruruwa, ciki har da Mali da Songhai da Nijeriya. Yaron da bai san komai game da rubuta manhaja ba zai iya buɗe fayil ɗaya, ya sauya sunan gari, ya kunna wasan ya ga sunan ya bayyana a kan taswira. Ni ta wannan ƙofa na shiga. Ranar da na ga abin da na rubuta da hannuna ya fito a allon, ban yi barci da wuri ba.

Amma kada in yaudare ku, yawancin aikin ba shi da armashi. Gyarana na farko da aka karɓa, a wani ƙaramin wasa ne da ba sai na faɗi sunansa ba. Na sa wa garina suna Ƙaura, na ajiye wasan, da na dawo sai na tarar sunan ya rikiɗe ya zama wasu alamomi marasa ma'ana. Na yi kwana 4 ina bin rubutun tushen kafin in gano dalili. A tsarin da kwamfutoci ke ajiye haruffa, harafin Turanci gurbi ɗaya yake ci, amma ƙ da ɗ da ɓ gurbi biyu-biyu suke ci. Wanda ya rubuta wurin bai yi tunanin haka ba, sai manhajar take yanke harafin gida biyu. Gyaran bai kai layi 10 ba. Irin wannan gyara faci muke kiransa, kamar dai na mai facin taya. Na aika, ina jiran yabo. Sai wani daga cikin masu kula da wasan, mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya dawo mini da shi ya ce na gyara wurin ajiyewa na manta wurin buɗewa. Na gyara na mayar. Ya sake dawo da shi ya ce in rubuta gwajin da zai nuna matsalar ba za ta dawo ba. Sau 3 muna haka. Na fusata ƙwarai, har na ce a raina wannan ai ya fi Malam tsanani. Da aka karɓa kuwa, na gane a mako 2 na koyi abin da kwas ɗin da na biya kuɗi bai koya mini ba.

Kuskure na biyu ya fi ban kunya. Ana neman hoton doki, sai na ɗauko wani a intanet na gyaggyara na aika. Tambaya ɗaya aka yi mini: wa ya zana, kuma da wane izini? Na rasa amsa, aka cire. A nan na fahimci cewa wasa ba rubutun tushe ba ne kawai. Akwai zane, akwai sauti, akwai kiɗa, akwai labari, kuma kowanne yana da mai haƙƙin mallaka. Ku dubi shahararren wasan nan Doom na 1993. Kamfanin id Software ya saki rubutun tushensa a Disambar 1997, ya mayar da shi ƙarƙashin GPL a 1999, amma hotuna da sauti suka ci gaba da zama mallakar kamfani. Wato an ba ka injin mota ba gangar jiki. Sai da wasu suka tashi da aikin Freedoom, suna zana komai sabo. A ganina ƙarancin masu zane da masu kiɗa ya fi damun wannan fage fiye da ƙarancin masu rubuta manhaja. Dokin nawa dai, daga baya ɗan yayata ne ya zana shi, muka sa masa lasisin Creative Commons, kuma sunansa yana cikin jerin waɗanda suka yi wasan. Har yau yana yi mini gori.

Na san tambayar da ke ran 'yan ajinmu da suka zama 'yan kasuwa: ina kuɗin? Amsa ita ce, kaɗan ne. Akwai wani wasan yaƙe-yaƙen zamanin da mai suna 0 A.D., wanda a wajen kyan zane ba ya jin kunyar na kamfani. An faro shi a 2001, aka buɗe rubutun tushensa a 2009. A 2013 masu yin sa suka nemi gudummawar Dala 160,000 domin su ɗauki ma'aikata, abin da suka samu bai wuce Dala 33,000 da 'yan kai ba. Ba su daina ba, sai dai tafiyar ta zama ta hawainiya. Daga 2010 har zuwa fitowa ta 27 a 2025 suna kiran abin da suke fitarwa gwaji ne. A 2018 suka ƙara daular Kush, ta ƙasar Sudan ta yanzu, da gine-ginenta irin na Meroe. Waɗannan su ne suka yi sa'a. Wasannin da aka fara da zumuɗi aka watsar bayan wata 6 ba su ƙirguwa, kuma 2 daga ciki nawa ne. Duk wanda ya ce wa ɗanku zai yi arziki da wannan cikin shekara ɗaya, ku riƙe aljihunku. Abin da yaro zai samu shi ne gwaninta, da aikin da kowane mai ɗaukar ma'aikata zai iya buɗewa ya duba da idonsa, ba takardar shaida kawai ba.

To, me ya sa ake wahalar? Abubuwa biyu da suka faru kwanan baya sun isa amsa. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe manyan kwamfutocin da wasansa na tseren mota, The Crew, ya dogara da su. Mutanen da suka saya da kuɗinsu suka wayi gari wasan ba ya tashi. Abin ya jawo koke a Tarayyar Turai wanda ya tara sa hannun mutum sama da miliyan 1 a 2025. Na biyu kuma ya shafi maƙeran ne. Akwai abin da ake kira injin wasa, wato manhajar da ke ɗauke da aikin zane da motsi da sauti domin kada kowa ya fara daga sifili. A Satumbar 2023 kamfanin injin Unity ya sanar cewa zai riƙa cajin maƙera a kan duk lokacin da wani ya ɗora wasansu a na'urarsa. Aka yi ca, shugaban kamfanin ya sauka bayan wata ɗaya, kuma a 2024 aka soke tsarin gaba ɗaya. Amma mutane sun riga sun ga cewa wanda ya yi gini a filin aro ba ya barci da ido biyu rufe. Da yawa suka koma Godot, injin da wasu 'yan Ajantina 2, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka buɗe wa duniya a 2014. Shi ba mai iya sauya maka sharaɗi bayan ka gama gini, kuma yana tashi a kan kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi.

Da Godot ɗin nake aikin da ke hannuna yanzu, wato dara. Kun tuna yadda muke haƙa gurabu a bayan ɗakin kwana, wani da tsakuwa wani da tsinke, mai gadi yana ba mu shawara? Gurbi 30, layi 5 a jere 6, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera 3 ya ci ɗaya na abokin wasa. Na ɗauka aikin mako ɗaya ne. Ashe koya wa kwamfuta dara ba wasa ba ne. Ita ba ta da wayo, lissafi take yi: in na sa nan, shi zai sa can, ni kuma in sa can. A zubin farko akwai gurbi 30, na biyu 29, na uku 28, na huɗu 27. In ka ninka su, zubi 4 kacal ya ba da hanyoyi 657,720. Dole ka koya mata yadda za ta watsar da hanyar da ta riga ta ga ba ta ɓullewa, in ba haka ba sai ka sha shayi ka dawo tana tunani. Malam, wannan darasin naka ne na aji 5, wanda na ce ba zai taɓa yi mini amfani ba. Na janye maganata a gaban shaidu.

Wahalar da ta fi wannan ita ce dokoki. Na tambayi dattawa 3, na sami dara iri 3. Wani ya ce in ka jera 4 ba ka ci ba, wani ya ce sam ba a ma yarda ka jera ba. Wani ya ce ba a cin ɗan da ke cikin jerin ukun abokin wasa, wani ya ce a garinsu ana ci. Kamfani zai zaɓi ɗaya ya rufe, yara su taso suna ganin ita kaɗai ce dara. Ni na bi hanyar Freeciv, na fitar da dokokin cikin fayil dabam, kowane gari ya rubuta nasa.

Sai maganar harshe. Yawancin wasannin nan an ware kalmominsu a fayil guda, jimla a sama, gurbin fassara a ƙasa, ba a bukatar sanin manhaja. Amma fassarar tana da tarko. Turanci yana ce wa mai wasa ya yi nasara ba tare da ya san namiji ne ko mace ba. Mu kuwa dole mu zaɓa, "ka ci" ko "kin ci". Na sa "ka ci", 'yata ta ce ita ba da ita ake ba ke nan. Na koma "an ci", ta ce wa ya ci? Har yanzu ba mu daidaita ba. Ga kuma zubin haruffa: in wanda aka yi amfani da shi ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, sai ka ga ɗan akwati a maimakon ƙ. Wannan yana da magani, domin akwai zubi mai 'yanci irin DejaVu da ke ɗauke da su. Amma wace kalma za a sa wa sojan da ke kan doki da sulke, ko wurin ajiyar hatsin gari, ko harajin da ake karɓa a kan hanya? Barde, rumbu, kuɗin fito, duk muna da su, sai dai wanda zai tabbatar an sa kowacce a muhallinta. Wannan aikin malamanmu na Hausa ne, ba nawa ba.

Na san damuwar iyaye da malamai, kuma ban raina ta ba. Wasa yana cin lokaci, yana hana karatu, na ga yaran da ya lalata wa jarrabawa. Ba na roƙon a mayar da ɗakin kwamfuta gidan wasa. Abin da na lura da shi kawai shi ne, yaron da aka nuna wa yadda ake buɗe cikin wasa, yawanci wasan yakan ragu, tambaya ta ƙaru.

Ga roƙona. In an sayo kwamfutocin, kada a lulluɓe su da leda a kulle ɗaki sai ranar da baƙi za su zo. A ware 5 daga ciki a ɗora musu Linux da Godot da Freeciv, da Blender na zane mai siffa, wanda da shi aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar a 2025. Duk ba a biyan ko kwabo na lasisi, kuma bayan an ɗora su suna aiki ba tare da intanet ba. Kuɗin da za a kashe na wuta ne, saboda haka a sa batir da faifan sola a cikin kasafi tun yanzu. A ba ɗalibai awa 2 ranar Asabar, maza da mata, da malami ɗaya mai sa ido, kuma a yarda su ɓata, domin mayar da manhajar ba ya wuce awa ɗaya. Ni na ɗauki alkawarin zuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata har shekara ta zagayo, da kuɗin motata. Ina neman malamin Hausa ɗaya da na tarihi ɗaya cikin waɗanda suka yi ritaya, da duk wanda ya iya zane ko kiɗa a cikinmu. Wanda kuma ya san dokar darar garinsu da kyau, ya same ni bayan an tashi, na zo da littafi da biro.

Shugaba, na ga kana duba agogo.